Gonakin Inabin Bordo da Tarihin da Ke Ƙarƙashinsu

A kudu maso yammacin Faransa koguna biyu, Garonne da Dordogne, suna haɗuwa su zama wani faffaɗan ruwa da ake kira Gironde, wanda ke tafiyar kilomita kusan 75 kafin ya faɗa tekun Atilantika. A gaɓar Garonne, inda kogin ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, nan birnin Bordo yake zaune, gonakin inabi kuma sun kewaye shi kusan ta kowace fuska. Kowace shekara masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa wurin. Akan zuba su a motoci a bi da su gona-gona, a nuna musu gidajen dutse da rumbunan da gangunan itace ke jere a ciki, daga nan ɗan rakiya ya duƙa ya damƙo tsakuwa a hannunsa, ya ce musu asirin duka yana nan. Kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce terroir, wato ƙasar wuri da ruwanta da iskarta da ranarta, abin da manominmu zai taƙaita da cewa kowace ƙasa da abin da take karɓa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Tsakuwa ba ta kai kanta kasuwa. Abin da ya mayar da sunan Bordo dukiya shi ne aure da yaƙi, jiragen ruwa da dillalai, gumin bayi, wani ɗan ƙwaro, da kuma takardun doka.

Na san akwai mai karatun da zai ce mene ne haɗin kifi da kaska, me ya kai mujallarmu ga zancen giya. Hukuncin giya a addininmu sananne ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Amma duk malamin da ke karantar da Montaigne ko Montesquieu ko Mauriac a lise, ya kamata ya san ƙasar da ta haife su, domin su ukun ƴaƴan wannan yanki ne, kuma su ukun sun mallaki gonakin inabi. Bugu da ƙari, irin dokar da a yau ke kare sunan albasar Galmi, daga rikicin gonakin inabi na Faransa ta samo asali.

Tun ƙarni na farko na Miladiyya ake dasa inabi a nan, lokacin da garin ke amsa sunan Burdigala a ƙarƙashin daular Rum. A ƙarni na 4 garin ya haifi Ausone, malamin balaga kuma mawaƙi, wanda aka kira fada ya karantar da yarima Gratien. Har yau ɗaya daga cikin gonaki mafi tsada a yankin sunansa take ɗauke da shi. Ba kowane malamin makaranta ake tunawa da shi haka ba. A shekarar 732 rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi, gwamnan Andalus, ta ci Bordo a kan hanyarta ta zuwa Poitiers, inda aka kashe shi a wannan shekara. Rundunar ba ta zauna ba, gonaki suka ci gaba da zama a hannun limaman Kirista da masu sarauta.

Mai ziyara yakan fara da Saint-Émilion, wani ƙaramin gari a kan tudu, tafiyar kilomita kusan 40 gabas da Bordo. Sunan na wani mai zuhudu ne, mutumin Bretagne, da ya zo ya yi halwa cikin kogon dutse a ƙarni na 8. Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne tsohuwar majami'ar garin, wadda ba gina ta aka yi ba, sassaƙa ta aka yi a cikin dutse guda a farkon ƙarni na 12. Hasumiyarta ce kaɗai ke tsaye a sarari, sauran duk tana cikin tudun. Ƙarƙashin garin da gonakinsa ramuka ne da lunguna, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙar farin dutse ana kai wa maginan Bordo. Yau a cikin wasunsu ake ajiyar giya, saboda sanyinsu ba ya sauyawa, ko ana zafi ko ana ɗari. A 1999 hukumar UNESCO ta sa garin da gonakinsa cikin kayan gadon duniya, kuma shi ne karon farko da aka yi wa wani yankin inabi haka.

A 1199 sarkin Ingila Jean, wanda Faransawa ke yi wa laƙabi da Marar Ƙasa, ya ba mutanen Saint-Émilion takardar izinin gudanar da al'amuransu da kansu. Majalisar dattawan garin, Jurade, ita ke faɗin ranar fara girbi, ita ke duba giya, wadda ta yarda da ita a buga wa gangarta hatimin wuta, wadda ba ta yarda da ita ba a hana ta fita da sunan garin. Baƙon da ya tarar da jerin mutane sanye da jajayen alkyabbu suna zagaya garin a watan Satumba zai ɗauka al'ada ce da ba ta taɓa yankewa ba tun shekara 800. Ba haka ba ne. Juyin juya halin 1789 ya share majalisar, sai a 1948 wasu manoma suka farfaɗo da sunanta don tallar kayansu. Ƙungiyoyinmu na raya al'adu sun san wannan aiki sarai, ba kuma abin kunya ba ne. Abin da ake so kawai shi ne a riƙa faɗin shekarar da aka ɗinka alkyabbar.

To, me ya kawo sarkin Ingila cikin sha'anin wani ƙaramin gari na Faransa? Aure ne. A 1152 Aliénor, magajiyar ƙasar Aquitaine, bayan an raba aurenta da sarkin Faransa Louis na 7, ta auri Henri Plantagenêt tun ba a cika wata uku ba. Ta tare da garar da ba a taɓa ganin irinta ba, wato ƙasa sukutum da biranenta da kogunanta. Bayan shekara biyu angon ya zama sarkin Ingila, Jean ɗin da aka ambata kuma ɗansu ne. Daga nan Bordo ta shekara 300 tana bin sarautar Landan. Da farko tashar La Rochelle ce ke kan gaba wajen kai giya Ingila, amma a 1224 sarkin Faransa ya ci ta, kuma faɗuwar wani tashin wani: kasuwar ta koma Bordo. Kowace kaka jiragen ruwa sukan taru a bakin Garonne su yi lodi su tashi a ayari. A kakar 1308 zuwa 1309 an fitar da ganga sama da 100,000, kowace tana cin lita kusan 900. Gangar ta zama ma'auni har ta kai ana auna girman jirgi da yawan gangunan da zai ɗauka, kuma daga sunanta kalmar tan ta fito, wadda muke auna siminti da taki da ita a yau.

Giyar wancan zamani ba wata abar yabo ba ce. Ba ta da kauri, kuma ba ta kai shekara sai ta yi tsami. Kashi mai yawa ma ba a kewayen Bordo ake noma ta ba, daga can cikin ƙasa take gangarowa ta kogi, daga wurare irin su Cahors da Gaillac. Attajiran Bordo sai suka nemi gata daga sarakuna, suka kuma samu: giyar mutanen sama ba ta da izinin shiga tashar sai bayan ranar 11 ga Nuwamba, daga baya ma aka ɗaga zuwa Kirsimeti, wato sai sun gama sayar da tasu jirage sun yi nisa. Wannan gata ya daɗe ƙwarai, don sai a 1776 minista Turgot ya soke shi. Fifikon Bordo na farko ke nan, kuma na mashigi ne, ba na tsakuwa ba. Wanda ya san tarihin Agadas ko Damagaram da ayarin Sahara ya san abin da zama a bakin hanya ke kawo wa gari.

Littattafan makaranta suna koyar da yaƙin Castillon na ranar 17 ga Yuli 1453 a matsayin ranar da aka kori Ingilishi daga Faransa, aka rufe yaƙin shekara ɗari. Mutanen Bordo ba su ga abin haka ba. Shekara guda kafin nan, su da kansu suka buɗe wa jarumin Ingila Talbot ƙofofin birni, domin sun san inda abincinsu yake. Da sarki Charles na 7 ya karɓe garin, sai ya gina ganuwoyi biyu, Château Trompette da Fort du Hâ, waɗanda aikinsu na farko shi ne sa ido a kan mutanen gari.

Daga Bordo in aka nufi arewa maso yamma ana shiga Médoc, wata siririyar ƙasa tsakanin Gironde da teku, inda sunayen da suka fi kowanne tsada suke jere a gefen hanya: Margaux, Latour, Lafite. A nan ɗan rakiya ya fi son damƙo tsakuwa. Abin da ba ya cika faɗi shi ne, a zamanin Montaigne, wanda ya riƙe magajin garin Bordo daga 1581 zuwa 1585, yawancin wannan ƙasa fadama ce mai sauro da zazzaɓi, wurin kiwo. A 1599 sarki Henri na 4 ya ba da umarnin busar da fadamun ƙasarsa, cikin ƙarni na 17 kuma gwanayen aikin ruwa daga Holan suka haƙa magudanai suka janye ruwan. Sai bayan haka manyan alƙalan Bordo suka shiga sayen filaye suna dasa inabi a kan tuddan tsakuwa. Fataken Holan ɗin ne kuma suka yaɗa dabarar ƙona farar wuta a cikin ganga kafin a zuba giya, abin da ya sa ta iya jure doguwar tafiya.

Dabarar da ta fi kowace tasiri ta Arnaud de Pontac ce, shugaban babbar kotun Bordo kuma mai gonar Haut-Brion. Kafin shi ana sayar da giya ne da sunan gari ko yanki, a gauraya ta wane da ta wane. Shi ya ware tasa, ya sayar da ita da sunan gonarsa, ya tsauwala kuɗi. A 1663 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila, Samuel Pepys, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa ya ɗanɗana ta a Landan, kuma bayan gobarar da ta cinye birnin a 1666, ɗan Pontac ya buɗe gidan cin abinci a can don manya su san sunan gidansu. Tun daga nan abin da ake biya ya zama suna. Fatake baƙi daga Ailan da Ingila da Jamus da Holan suka kafa unguwarsu a bakin kogi, Chartrons, a wajen ganuwar birni kamar yadda zango yake a garuruwanmu. Sunaye irin su Barton da Lawton da Lynch da ake gani a yankin har yau, nasu ne.

Birnin da baƙo ke ɗaukar hotonsa a yau, wanda UNESCO ta karrama a 2007, kusan duka ginin ƙarni na 18 ne: dandalin Bourse da ke fuskantar kogi, dogon jerin gidaje masu fuska iri ɗaya a bakin ruwa, da babban gidan wasan kwaikwayo da Victor Louis ya gina aka buɗe a 1780. Wanda ya ɗaga kai a dandalin Bourse zai ga fuskoki da aka sassaƙa a saman tagogi, a cikinsu akwai fuskokin baƙar fata. Ba ado ne kawai ba. A wancan ƙarni Bordo ce babbar tashar Faransa wajen ciniki da tsibiran Amurka, musamman Saint-Domingue, wadda a yau ake kira Haiti. Jirage kan tashi da giya da garin alkama da tufafi, su komo da sukari da gahawa da shuni, Bordo kuma ta sake sayar da su ga sauran Turai. Duk abin da suke komowa da shi bayi ne suka noma shi. A 1789 yawansu a Saint-Domingue ya kusa rabin miliyan.

Bayan wannan ciniki na kai tsaye akwai na ɗaukar mutane. Tsakanin 1672 da 1837 an shirya tafiya kusan 500 daga Bordo zuwa gaɓar Afirka don sayen bayi, aka kwashe mutane wajen 150,000. Nantes ta ninka haka fiye da sau uku, abin da mutanen Bordo suka daɗe suna fakewa da shi. Cikin hajar da ake musanyawa da mutum, tare da bindiga da yadi da ƙarfe, akwai barasa. Dangantakar gona da jirgi ba a ɓoye take ba: iyalin Nairac, waɗanda ke cikin manyan masu tura jiragen bayi na birnin, sun mallaki gona a Barsac da ke ɗauke da sunansu har yau. A takardun ƙidayar bayi na gandayen Saint-Domingue, inda ake rubuta sunan bawa da shekarunsa da asalinsa da kuɗinsa, ana samun waɗanda aka rubuta a gabansu Aoussa. Hausawa ke nan. Wani ɓangare na sukarin da aka sauke a bakin Garonne, hannunsu ne ya sare rakensa. Gaskiya kuma ɗaya ce: ba Bature ne ya shigo har ƙasar Hausa ya kamo su ba a wancan lokaci. Yaƙe-yaƙenmu da kasuwanninmu ne suka miƙa su hannu zuwa hannu har bakin teku.

Tafiyar kilomita 20 kudu da birnin akwai La Brède, gidan da aka haifi Montesquieu a 1689, kewaye da ruwa da gonaki. Manomin inabi ne na gaske, mai alfahari da sayar da giyarsa a Ingila. A littafinsa kan ruhin dokoki, wanda ya fito a 1748, akwai ɗan gajeren babin nan, na 5 a kashi na 15, inda ya jera hujjojin masu bautar da baƙar fata kamar yana goyon bayansu. Duk malamin da ya taɓa kai wannan babi aji ya san abin da ke biyo baya: ba a rasa ɗalibin da zai fusata ya ce ashe wannan ne ake yabo, sai an zauna an nuna masa gatse ne, marubucin yana tsiraita hujjojin ne ta hanyar faɗinsu ƙarara. Sai dai ina ganin bai dace a tsaya nan ba. Ya kamata ɗalibin ya san cewa littafin ya yi suna, an karanta shi a manyan gidajen Bordo, jirage kuma ba su fasa ba. Shekarun da birnin ya fi tura jiragen bayi ma su ne na 1783 zuwa 1792, shekara talatin da wani abu bayan fitar littafin. Abin da ya karya cinikin shi ne tawayen bayin Saint-Domingue da ya ɓarke a 1791, ya ƙare da ƴancin Haiti a 1804. Daga baya wasu gidajen kasuwancin Bordo, irin su Maurel et Prom, suka juya ga Senegal, ga ƙaro da gyaɗa.

An daɗe ana tsallake wannan babi. Littafin Éric Saugera kan Bordo a matsayin tashar bayi ya fito a 1995, dokar Taubira ta 2001 ta ayyana cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama, ƴan gwagwarmaya irin su Karfa Diallo, haifaffen Senegal, suka riƙa zagayawa da mutane unguwa-unguwa suna nuna musu gidajen masu jirage. A 2009 gidan tarihi na Aquitaine ya buɗe ɗakuna na musamman kan wannan zamani. A 2019 aka kafa a bakin kogi mutum-mutumin Modeste Testas, wata baiwa da wasu ƴan'uwa biyu fataken Bordo suka saya aka kai ta Saint-Domingue, ta rayu har 1870. A 2020 aka liƙa allunan bayani a wasu titunan da ke ɗauke da sunayen masu cinikin bayi. Ba a sauya sunayen ba, kuma a ganina hakan ya fi: sunan da aka goge ba ya koya wa yaro komai.

Mu koma gona. A 1855, da Napoleyon na 3 ya shirya babban baje kolin duniya a Faris, majalisar ƴan kasuwar Bordo ta nemi dillalan giya su ba ta jerin gonakin da suka fi daraja. Dillalan ba su haƙa ƙasa ba, ba su auna tsakuwa ba. Littattafan cinikinsu suka buɗe, suka duba wadda ta fi tsada a tsawon shekaru, suka raba gonaki aji biyar, suka sa hannu ranar 18 ga Afrilu. A ajin farko suka sa Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, a ɓangaren farar giya mai zaƙi ta Sauternes kuma suka ɗora Yquem a kan kowa. Takardar da aka rubuta don bikin wata shida ta zama kamar wahayi. Babban sauyin da aka yi mata guda ne, a 1973, da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko bayan shekaru na naci. Gonaki sun sauya hannu, wasu sun faɗaɗa, wasu sun lalace sun farfaɗo, amma matsayinsu yana nan inda dillalai suka bar shi. Saint-Émilion, da ba a kula ta ba a 1855, ta yi nata jerin a 1955 da sharaɗin a riƙa sake shi lokaci-lokaci. Tsarin ya fi adalci, ya kuma fi jawo shari'a: wanda aka sauke yakan garzaya kotu, har a 2021 manyan gonaki biyu, Ausone da Cheval Blanc, suka janye daga gasar baki ɗaya.

Ba a daɗe da rubuta jerin 1855 ba annoba ta sauka. Wani ɗan ƙwaro da ido ke gani da ƙyar, filoksera, ya shigo Turai a jikin dashen da aka kawo daga Amurka. Saiwa yake tsotsa, kurangar ta yi rawaya ta bushe cikin ƴan shekaru. An fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, masani Planchon ya gano shi a 1868, kafin 1870 ya isa Gironde. Giyar da Faransa ke samarwa ta faɗo daga lita biliyan 8 da ɗoriya a 1875 zuwa ƙasa da biliyan 2 da rabi a 1889. An gwada guba, an gwada malala ruwa a gonaki, gwamnati ta sa ladar faran 300,000 ga wanda ya samo magani. Maganin da ya yi aiki daga ƙarshe shi ne abin da masu garkar mangwaro a wurinmu ke kira aure: a ɗauki reshen inabin Faransa a ɗora shi a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ta saba da ƙwaron. Masu manyan gonaki sun yi ta jan ƙafa don gudun kada darajar giyarsu ta zube, amma tilas ba ta da magani. Saboda haka kusan kowace kurangar da ake nuna wa baƙo a yau a matsayin ƴar asalin ƙasa, saiwar da take tsotsar ƙasar da ita baƙuwa ce.

Annobar ta taɓa Afirka ta wata hanya. Manoman da suka talauce sun tsallaka Aljeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta ba su filaye da bashi, har a shekarun 1930 gonakin inabi a can suka kai hekta kusan 400,000. Ƙasar Musulmi, wadda mafi yawan mutanenta ba sa sha, ta zama wadda ta fi kowace fitar da giya a duniya, a kan filayen da a da ake noma alkama da kiwon tumaki.

Ƙarancin giya ya buɗe ƙofar algus. Ana jiƙa busasshen inabi da sukari da rini a sayar, ana zuba giyar ko'ina a ganga a rubuta Bordo. Sunan da aka shafe ƙarnoni ana ginawa ya kusa zama na kowa. Daga nan aka shiga kafa dokoki: ta hana algus a 1905, ta shata iyaka a 1911 wadda ta taƙaita sunan Bordo ga lardin Gironde, wata kuma a 1919. Amma iyaka kaɗai ba ta isa ba, tunda mutum yana iya zama cikin iyaka ya yi aikin banza. Joseph Capus, masanin noma kuma ɗan majalisa mai wakiltar Gironde, shi ya dage cewa a haɗa da sharuɗɗa: wane irin inabi, a kan wane fili, yawan amfanin da ba za a wuce ba a kowace hekta, da hukumar da za ta riƙa dubawa. Dokar ranar 30 ga Yuli 1935 ta tabbatar da wannan tsari. Daga giya ya bazu zuwa cuku da man shanu da sauran kayan gona, a 1992 kuma Turai ta yi doka irinta ga dukan ƙasashenta.

Ta nan zancen ya iso gida. A shekarun 2000 manoman albasa na jihar Tawa sun wayi gari sun ji wani kamfanin iri na waje yana neman a rubuta masa sunan albasar Galmi a matsayin mallakarsa, sai da Nijar ta tashi tsaye aka hana. A 2013 hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi rajistar kayan Afirka na farko a ƙarƙashin wannan tsari: barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da gahawar Ziama-Macenta ta Gini. A farkon shekarun 2020 albasar Galmi da kilishin Nijar suka bi sahu. Takardar tana da amfani, amma a Bordo ba ita ta yi aikin ita kaɗai ba. Akwai ƙungiyoyin manoma da suka yarda a shiga gonarsu a duba, suka kuma yarda a hana ɗan'uwansu sunan in ya saɓa sharaɗi. Wannan shi ne ɓangare mai wuya, ko a Saint-Émilion ko a tsakanin Ƙonni da Madawa.

Suna kuma ba ya ciyar da kowa daidai. Gonakin da ke cikin jerin 1855 ba su kai 100 ba, alhali manoman inabi a Gironde dubbai ne. A shekarun 1960 abin da Bafaranshe ke sha a shekara ya haura lita 100. A farkon shekarun 2020 ya sauko wajen lita 40. A 2016 birnin ya buɗe katafaren gidan baje kolin tarihin giya a bakin kogi don jawo baƙi, amma a watan Disamba na 2022 ƙananan manoma suka cika titunan Bordo suna roƙon gwamnati ta biya su su tumɓuke gonakinsu. A 2023 aka amince da shirin tumɓuke hekta kusan 9,500, a kan yuro 6,000 kowace hekta. Abin ya fi shafar ƙananan gonakin da ke tsakanin kogunan biyu, inda ake sayar da giya a dunƙule ba cikin kwalba mai tambari ba. A can har yanzu da gangar lita 900 ake yanka farashi, kamar a zamanin jiragen Ingila, kuma a waɗannan shekaru kuɗin ganga sau da yawa bai kai abin da manomi ya kashe wajen cika ta ba.